Wa Zai Hau Motar Kwana-kwana Idan Gari Ya Girma: Masu Jiran Kira, Ma'aikatan Dindindin, Ko Gauraye?

A shekarar 1990 mutum kusan 86,000 ne ke zaune a gundumar Loudoun ta jihar Virginia a Amurka. Yawancinta gonaki ne da ƙananan garuruwa, kuma galibin masu kashe mata gobara 'yan sa-kai ne, maƙwabta da ke ajiye aikinsu su ruga idan an kira. Ƙidayar 2020 ta tarar da mutum fiye da 420,000 a wannan gunduma. Cikin shekara 30 jama'a sun ninka kusan sau 5, tsarin da ya ishi manoma ya kasa ɗaukar nauyin rukunin gidaje da manyan kantuna da cibiyoyin ajiyar bayanan intanet. Irin wannan yana samun garuruwa da yawa da ke gefen manyan birane a Amurka da Ingila da Jamus da Faransa, kuma shugabanninsu tambaya ɗaya suke kwana da ita: a ci gaba da dogaro da masu jiran kira, wato irin waɗannan maƙwabta da ake kira daga gida ko wurin aiki, ko a ɗauki ma'aikatan dindindin, ko a gauraya?

Kafin a auna kowane tsari sai an san ma'aunin, ma'aunin kuwa mintoci ne. Gwaje-gwajen da cibiyar UL ta Amurka, mai gwada ingancin kayayyaki ta fuskar tsaro, ta yi sun nuna cewa ɗakin da ke cike da kayan zamani, katifun soso da kujerun roba da labulen leda, yana iya kamawa gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, alhali ɗaki mai kayan da, na katako da auduga, yakan kai kusan rabin awa. Ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin aikin kashe gobara a Amurka, ta fitar da ma'auni biyu. Na ma'aikatan dindindin, mai lamba 1710, ya ce motar farko ta bar tasha cikin daƙiƙa 80, ta isa cikin minti 4 na tafiya, da mutum 4 a kanta. Na 'yan sa-kai, mai lamba 1720, ya sassauta gwargwadon cunkoso: a cikin gari mutum 15 cikin minti 9, a unguwannin gefen gari mutum 10 cikin minti 10, a karkara mutum 6 cikin minti 14. A nan matsalar gari mai girma take. Bara ana auna shi da ma'aunin karkara yana wucewa lafiya, bana gidaje sun cika fili, ya koma sahun da ake neman mutum 10 ko 15, alhali mutanen da ke amsa kira ba su ƙaru ba.

Akwai kuma ƙa'idar tsaron lafiyar ma'aikata ta Amurka da ta ce idan mutum biyu za su shiga gini mai hayaƙi, dole wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri, sai dai idan akwai ran da za a ceto nan take. Ke nan motar da ta iso da mutum biyu ta iso, amma aikin cikin gida bai fara ba.

Tsarin jiran kira shi ne mafi tsufa kuma mafi yawa. Tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai a Philadelphia, sai a 1853 birnin Cincinnati ya fara biyan cikakkun ma'aikata. Har yau alƙaluman NFPA na 2020 sun nuna cewa cikin masu kashe gobara kusan miliyan 1 da dubu 41 a Amurka, kimanin 677,000 'yan sa-kai ne, wato kashi 65 cikin 100. Wasu ba a ba su ko sisi, wasu kuma, kamar yadda aka saba a jihar Minnesota, ana biyan su kuɗin kowace fita da kowane horo, tare da ɗan fansho idan sun daɗe. Mutum yana gidansa ko wurin aikinsa da na'urar kira a ƙugu. Ta yi ƙara, ya tuƙa zuwa tasha, ya sa kaya, a jira a cika mota, sannan a fita.

Amfaninsa a bayyane yake. Kuɗin da gari zai kashe kaɗan ne, kuma idan babbar gobara ta tashi da dare, mutum 25 ko 30 na iya fitowa, adadin da ƙaramin gari ba zai taɓa iya ajiyewa a kan albashi ba. Sun san lungunan garin, sun san gidan da tsohuwa ke kwana ita kaɗai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma masu gaggawar rushe tsarin sukan manta da shi.

Sai dai girman gari yana cin wannan tsari ta fuska uku a lokaci guda, shi ya sa yake faɗuwa ba zato. Na farko, sababbin mazauna ba a garin suke aiki ba. Barci kawai suke yi a can, da asuba su kama hanyar birni, sai bayan magariba su dawo. Da can mai garejin gyaran mota da mai kantin kayan gini da manomi suna garin da rana, kuma mai gidansu, idan ma suna da shi, ya san dalilin da ya sa suka fice a guje. Yanzu daga ƙarfe 7 na safe zuwa 5 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, sunaye 40 na iya kasancewa a rajista amma mutum 3 ne ke cikin garin. Jamusawa sun daɗe suna kokawa da wannan giɓi na rana, haka ma masu binciken hukumomin kashe gobara a Ingila, waɗanda tun da suka fara zagaye a 2018 suke maimaita cewa motocin masu jiran kira sukan zauna ba masu hawa da rana.

Na biyu, kiran ya yi yawa, kuma yawancinsa ba wuta ba ce. A Amurka kusan kashi biyu cikin uku na kiran da hukumomin kashe gobara ke amsawa na rashin lafiya ne da ceto, gobara ta gaske ba ta wuce kashi 4 cikin 100 ba. Wanda ya shiga don ya kashe wuta sau biyu a wata ya tarar ana tashinsa sau uku a dare ɗaya saboda wani ya faɗi a banɗaki ko ƙararrawar wani otal ta yi kukan banza. Shekara biyu ya gaji, matarsa ta riga shi gajiya.

Na uku, horo ya yi nauyi. Takardar shaidar matakin farko kaɗai tana cin fiye da sa'o'i 100, ga na agajin gaggawa, ga na sinadarai masu haɗari, duk a daren mako da ranakun hutu. Ba a ce horon bai dace ba. Wutar da ke cin ma'aikacin dindindin ita ke cin ɗan sa-kai. Amma sakamakon a fili yake: a 1984 'yan sa-kai a Amurka sun kusa 898,000, sun ragu da fiye da 200,000 yayin da jama'ar ƙasar ke ƙaruwa. Japan ma haka, 'yan sa-kanta da suka kai kusan miliyan 2 a shekarun 1950 sun faɗo ƙasa da 800,000.

Ingila ta bi wata hanya don ɗaure masu jiran kira. Mutum zai sa hannu cewa yana zaune ko yana aiki a inda zai iya isa tasha cikin kimanin minti 5, ya faɗi sa'o'in da zai kasance cikin shirin ko-ta-kwana, a biya shi kuɗin riƙo na shekara ban da kuɗin fita. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce kashi 10 cikin 100 na albashin cikakken ma'aikaci ga wanda ya ba da sa'o'i 120 a mako. Mako kuwa sa'o'i 168 ne. A duba abin da ake nema: ba zuwa biki a garin maƙwabta, ba kai yara wasa nesa, ba barin unguwa. Hukuma ta samu tabbacin da tsarin sa-kai zalla ba ya bayarwa, domin ta san wa ke nan a kowace sa'a, amma ta sayi rayuwar mutum da araha, kuma kotuna sun fara lura. A 2006 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci, a shari'ar Matthews, ta buɗe wa masu jiran kira ƙofar neman haƙƙoƙi irin na cikakkun ma'aikata, har da fansho. A watan Fabrairun 2018 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar Rudy Matzak, ɗan sa-kai a garin Nivelles na Beljiyam, cewa zaman da yake yi a gida da sharaɗin isa tasha cikin minti 8 lokacin aiki ne. A 2021 kotun ta sassauta a wata ƙara daga Dublin, inda mai ƙarar ke da izinin yin sana'arsa ta tuƙin tasi yayin jira. Duk da haka hukuncin Matzak ya girgiza Faransa, inda kusan 4 cikin kowane 5 na 'yan kwana-kwana 'yan sa-kai ne. A Ireland kuwa masu jiran kira sun shiga yajin aiki a 2023 kan albashi da hutu. Darasin ga mai tsara kasafi shi ne: iya tsananta sharaɗin jira, iya kusantar ranar da za a ce maka ma'aikaci ne, biya shi.

Jamus ce ke nuna cewa tsarin sa-kai na iya rayuwa a ƙasa mai arziki da cunkoso, amma a duba abin da ta jingina shi da shi. Tana da 'yan sa-kai kusan miliyan 1 a ƙungiyoyi fiye da 20,000, hukumomin cikakkun ma'aikata kuwa sun ɗan haura 100 ne kawai, a manyan birane. Dokokin jihohi sun tilasta wa mai kamfani ya saki ma'aikacinsa idan an kira, ya ci gaba da biyan sa, ƙaramar hukuma ta mayar masa da kuɗin. Akwai reshen yara da matasa da ke rainon masu gado tun suna makaranta. Idan kuma abin ya gagara, doka ta yarda a tilasta wa mazauna gari shiga, kamar yadda aka yi a List da ke tsibirin Sylt a 2005. Garin da ba shi da irin wannan doka a bayansa kada ya ɗauka zai kwafi sakamakon Jamus ta hanyar buga takardun neman 'yan sa-kai. Kuma ko a Jamus ɗin, matsakaitan garuruwa da yawa sun sa ma'aikata masu albashi a cikin ƙungiyoyin sa-kai don su riƙe rana.

Ɗaya gefen shi ne a ɗauki ma'aikatan dindindin, su zauna a tasha dare da rana bisa karɓa-karɓa. Ta fuskar minti babu gardama: mutanen suna nan, motar na fita cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, an san ko su waye kuma an san horonsu. Rijiyar tana cikin lissafi, kuma kansiloli da yawa sai bayan sun amince suke gano zurfinta. Kujera ɗaya a mota tana buƙatar mai zama sa'o'i 8,760 a shekara. A tsarin da ya yaɗu a Amurka, kwana ɗaya a aiki kwana biyu a gida, mako na kamawa sa'o'i 56, wato mutum 3 ga kowace kujera. A Ingila, inda mako sa'o'i 42 ne, mutum 4. Ba a sa hutun shekara ba, ba a sa jinya da kwas ba, waɗanda kan tura adadin kusa da 4 a Amurka, 5 a Ingila. Mota ɗaya mai mutum 4 ke nan tana cin ma'aikata 14 zuwa 20, kowanne da albashi da inshorar lafiya da fansho na shekaru masu zuwa. Ga shi kuma mota ɗaya ba ta kashe gidan da ya kama sosai. Ma'aunin 1710 yana neman mutum 16 ko 17 a gobarar gida mai hawa biyu. Garin da ya kori 'yan sa-kansa 35 ya ɗauki ma'aikata 15 ya samu saurin isa, amma a kowace sa'a mutum 4 ne kawai a hannunsa, sauran sai ya roƙi maƙwabta.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da tallafi mai suna SAFER da ke biyan albashin sababbin ma'aikata na 'yan shekaru. Yana da amfani, amma zuma ce da harbi: idan wa'adin ya ƙare, albashin ya dawo kan harajin gari, ko a sallami mutanen da aka horar. Duk wanda zai karɓa ya fara rubuta inda kuɗin zai fito bayan wa'adin.

Tsakanin waɗannan biyu ne mafi yawan garuruwa masu girma ke sauka, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya a duba, domin kalmar "gauraye" tana rufe abubuwa daban-daban. Mafi sauƙi shi ne abin da unguwannin da ke kewaye da Minneapolis suka saba: a ɗauki masu jiran kiran nan dai, a ba su jadawali, mutum 3 ko 4 su zauna a tasha na wasu sa'o'i a biya su kuɗin awa. Su ke amsa ƙananan kira, ba a tashin kowa sai wuta ta girma. Ɗan sa-kai ya san ranar aikinsa, ya daina kwana da fargaba, gari kuma ya samu motar da ke fita nan take. Rauninsa shi ne sa'o'in da aka fi buƙata su ne waɗanda masu aikin ofis ba za su iya cikewa ba, don haka jadawalin rana yakan zauna da ramuka. Garuruwa irin su Eagan da Bloomington a Minnesota sun daɗe a kan masu jiran kira, daga baya suka koma ɗaukar cikakkun ma'aikata. Sau da yawa wannan tsari gada ce, ba masauki ba, kuma ba laifi ba ne a gina shi da sanin haka.

Mataki na gaba shi ne a ɗauki 'yan ma'aikatan dindindin kaɗan don rana kawai, Litinin zuwa Juma'a, dare da ƙarshen mako a bar wa masu jiran kira. Sa'o'i 50 a mako maimakon 168, ke nan mutum 5 ko 6 sun isa riƙe motar da ke cin 15 a cikakken tsari. Tsakanin kira kuma su ne ke duba gine-gine, su gwada famfunan ruwa, su gyara kayan aiki, su cike takardun da ke korar 'yan sa-kai. A ganina wannan ne kuɗin da ya fi kowane kuɗi amfani a duk wannan lissafi, domin yana sayen daidai sa'o'in da suka ɓace, bai taɓa waɗanda ke lafiya ba. Ingila na da irinsa, inda ma'aikata ke yini a tasha, da dare su koma gidajen da ke kusa su jira kira. Garuruwan da ke da jami'a kuma suna da wata dabara: a College Park ta jihar Maryland ɗalibai ke kwana a tasha kyauta, ladan ɗakin shi ne hawa mota. Dabara ce mai kyau, amma sai inda akwai ɗalibai.

Abin da ke kashe tsarin gauraye ba kuɗi ba ne, zaman kishiyoyi ne. Masu albashi na ganin 'yan sa-kai a matsayin masu hana a ɗauki ƙarin ma'aikata, 'yan sa-kai na ganin an kawo baƙi an ɗora a kansu a tashar da iyayensu suka gina da kuɗin gidauniya. Idan motar masu albashi ce ke fita kullum, ɗan sa-kai ya iso ya tarar an tafi, sau biyar haka ya daina zuwa, sai gari ya wayi gari yana biyan cikakken tsarin da bai shirya ba. Dokar ƙwadago ta Amurka ma tana ƙara gishiri: ma'aikaci ba zai yi wa hukumar da ke biyan sa irin aikinsa kyauta ba, don haka ɗan sa-kan da aka ɗauka aiki an rasa sa'o'insa na dare, sai dai a biya shi kuɗin ƙarin lokaci idan ya haura sa'o'i 53 a mako. Loudoun sai a 2014 ta haɗa ma'aikatanta da ƙungiyoyin sa-kanta ƙarƙashin tsari ɗaya da shugaba ɗaya. Inda gaurayen ya zauna lafiya, za a tarar da horo iri ɗaya, jarrabawar ƙarin girma iri ɗaya, da muƙamin da ake bi saboda cancanta ba saboda wa ke karɓar albashi ba.

To ta yaya gari zai zaɓa? Ba da yawan jama'a ba, ko da yake shi ne adadin da 'yan siyasa suka fi son ambata. Gari mai mutum 30,000 da ke da masana'antu a cikinsa na iya riƙe masu jiran kira, wani mai 12,000 da kowa ke tafiya birni ya kasa. A ɗauko rajistar kira ta shekara biyu ko uku, a raba ta sa'a-sa'a da rana-rana. A duba minti nawa motar farko ke ɗauka kafin ta fita, da mutum nawa, ba a matsakaici ba, a kira 9 cikin 10, domin matsakaici yana ɓoye ranakun da ba wanda ya zo. A ƙirga sau nawa aka sake buga kira, sau nawa garin maƙwabta ya riga isa, sau nawa kira biyu suka haɗu. A duba mutum nawa ne ke ɗauke da rabin fitar, da shekarunsu. Idan mutum 6 ne kuma duk sun haura 50, tsarin ya riga ya tsufa ko da alƙaluman bana sun yi kyau. Idan ramin na rana ne kaɗai, a sayi rana. Idan ya bazu zuwa dare da Asabar, ko kira sun fara hawa kan juna, lokacin mota ɗaya ta dindindin ya yi, tare da riƙe masu jiran kira a matsayin runduna ta biyu da ake ba aiki na gaske. Cikakken tsarin albashi sai garin da harajinsa zai ɗauki aƙalla motoci uku ko huɗu, ko wanda ya yarda ya haɗa hukuma da maƙwabtansa.

A ƙasar Hausa lissafin ya sha bamban, domin a Nijeriya kashe gobara aikin ma'aikatan gwamnatin jiha da ta tarayya ne, a Nijar kuma na sojoji. Amma unguwannin da ke tsirowa a gefen Kano da Kaduna da Abuja suna nisa da tasha, kuma gobarar kasuwar Sabon Gari a Kano ta watan Maris na 2016 ta nuna abin da wuta ke yi kafin taimako ya wadata. Abin da garuruwan Amurka suka rasa, wato mutanen da ke yini a inda suke zaune, kasuwanninmu suna da shi a yalwace. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta zaɓi matasa 20, hukuma ta horar da su, aka ajiye musu tankin ruwa da inji da mesa a cikin kasuwa, za ta iya riƙe mintocin farko na rana. Giɓinta zai faɗo ne da dare, bayan an rufe shaguna an dawo da wutar lantarki, musamman a hunturu, kuma waɗannan sa'o'in sai an biya wani ya kwana a kansu.